Yadda Ake Musanya Kik Tsakanin Injinan Tsofaffin Motoci Masu Ogzilari

Tsohuwar Land Cruiser ko Land Rover da ke ɗebo masara daga gonakin Saminaka, ko citta daga Kachiya, ba kasafai inji ke kwantar da ita ba. Ƙananan abubuwa ne ke kayar da ita, kuma kik, wato ƙaramin injin lantarkin da ke juya inji ya tashi, yana sahun gaba. Ƙaramar mota in kik ya mutu, mutum biyu sun isa su tura ta. Motar da ta kai tan biyu, ga lodi a baya, ga tayoyi cikin laka a watan Agusta, babu mai tura ta. Sai a ciro kik ɗin a kawo Kaduna, a zaga Panteka da Ori-Apata, a ce irinsa ya ƙare, amma ga wani, "Alhaji, ai duk ɗaya ne."

Wani lokaci gaskiya ne. Kamfanonin da suka ƙera kik ɗin waɗannan motoci ba su da yawa: Denso, Bosch, Lucas, Hitachi, Mitsubishi, Valeo, su ne dai ake ta gani, kuma inji ɗaya yakan zauna cikin motoci iri-iri shekara da shekaru. Don haka musanya tana yiwuwa, tana ma iya fin na asali kyau. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ramukan noti su zo daidai ba shi ke nuna kik ya dace ba. Haƙoran filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji wanda kik ke juyawa, su ne ke yanke hukunci, kuma in kik ɗin da bai dace ba ya cinye su, sai an kwance furofela biyu, an sauke giyabos tare da ogzilarinsa mai raba ƙarfi ga tayoyi huɗu, kafin a kai ga wurin. Aikin awa ɗaya ya koma na kwanaki.

Ka fara tabbatarwa kik ɗin ne

Da yawa daga cikin kik ɗin da ake cirewa lafiyarsu ƙalau. Ka ɗora mita a kan batir. Cikakken batir yana nuna 12.6V. Ka sa yaronka ya murɗa makulli kana kallon mitar: in ta faɗi ƙasa da 9.6V, ka fara zargin batir. In batir ya tsaya da ƙafarsa amma inji yana juyawa da kyar, ka sa bakin mita ɗaya a kan batir na wuta, ɗayan a babban notin kik, a sake murɗawa. Abin da ya wuce 0.5V wuta ce ke ɓacewa a hanya. Ka yi haka tsakanin jikin kik da kan batir na at, wato wanda aka haɗa da jikin mota. Waɗannan motocin suna da wayar at da ke haɗa inji da shasi, kuma ita ce ta fi ruɓewa, don tana ƙasa inda ruwa da laka suke.

Kunne ma yana aiki. In ka ji "ƙas" sau ɗaya sannan shiru, fitila ba ta dusashe ba, yawanci tagullar cikin solonoid, ƙaramin gwangwanin da ke kan kik mai buɗe masa wuta, ita ce ta cinye. A kik ɗin Denso wannan ƙananan ƙarafa biyu ne da filanja, kowane riwaya a Kurmin Mashi zai canza maka su da kuɗi kaɗan. In kik yana gudu "fiii" amma inji bai motsa ba, bendis, ɗan ƙarfen nan mai haƙora da ke fitowa daga kik ya kama filawil, shi ne ke sulɓewa. In yana yi yau gobe ya ƙi sai an ƙwanƙwasa shi, burushi ne ya ƙare. Duk waɗannan gyara suke so, kuma na fi son kik na asali da aka gyara a kan baƙon da aka ƙaƙaba. Musanya ta zama dole ne in amicha, naɗin wayar da ke juyawa a cikin kik, ta ƙone, ko hancin kik ya fashe, ko an rasa kayansa gaba ɗaya.

Ka san injin da ke cikin motar

Sunan da ke jikin mota ba ya tayar da ita. Motar da ta shekara 30 ko 40 a hannun mutane, mai yiwuwa an sauya mata inji, wani lokaci har da giyabos da filawil. Ka goge jikin bulok ka karanta lambar da aka buga a kai.

A gidan Toyota, injinan dizal na Hilux, wato 2L mai lita 2.4, da 3L mai 2.8, da 5L mai 3.0, 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma kik ɗinsu yakan shiga na juna. Haka 1HZ mai lita 4.2 da ya fito a 1990 da ɗan'uwansa mai tobo, 1HD-T. Amma 2H da 3B na tsofaffin Land Cruiser wani zamani ne daban, kada ka haɗa su da 1HZ don kawai sunan motar ɗaya. Shi kuwa 22R na fetur ne, babu abin da ya haɗa kik ɗinsa da na dizal.

A Land Rover, dizal mai lita 2.5 na Ninety da One Ten, da 200Tdi da ya fara fitowa a Discovery a 1989, da 300Tdi na 1994, kik iri ɗaya ake sayar musu. Td5 na 1998 ya fita daga wannan layi, nasa daban ne. Tsohon inji mai lita 2.25 na Series, wato Land Rover na kafin Ninety da One Ten, kuwa akwai na fetur akwai na dizal, kamanninsu ɗaya daga waje, amma kada wannan ya sa ka ɗauko kik ɗin wannan ka ce sai ya hau wancan.

Nissan Patrol tana da SD33 a tsofaffi, da TD42 a Y60 daga 1987. Pajero tana da 4D56 mai lita 2.5 da 4M40 mai 2.8. A nan ma ka kula da giya: inji ɗaya, amma mai otomatik da mai kuloci suna iya bambanta a haƙora da zurfin da bendis ke shiga.

Wannan jerin yana nuna maka inda za ka fara nema ne kawai. Ko da cikin dangi ɗaya ne, sai ka auna.

12V ko 24V, da ƙarfin kik

Kayan Beljiyam daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, a zube wuri ɗaya. Land Cruiser da Patrol masu dizal an yi su da 12V, an kuma yi su da 24V, gwargwadon ƙasar da aka kai su. Kik ɗin biyu kamarsu ɗaya a ido. Mai 24V a kan batir ɗaya zai juya kamar ba ya so, ka ɗauka ya mutu. Mai 12V a kan 24V zai bugi filawil da ƙarfin da ya wuce kima, ya ƙona solonoid, ya karya haƙora. Ka nemi rubutun a jikin kik ko a kan solonoid. Kuma ganin batir biyu a mota bai isa hujja ba: akwai masu batir biyu da aka haɗa a 12V, akwai kuma Land Cruiser HDJ80 ta Turai wadda fitilunta da komai 12V ne, amma lokacin tayarwa kaɗai take haɗa batiran su ba kik 24V. Mita ce za ta faɗa maka: ka auna a babban notin kik lokacin da ake murɗa makulli.

Sai ƙarfi. Tsohon dizal yana matse iska kusan ninki 22, na fetur kuwa 8 ko 9. Shi ya sa kik mai 1.0kW ko 1.4kW ya ishi 22R, amma dizal yana neman 2.0kW zuwa sama. Kada ka sauko ƙasa da na asali. Zai iya tayar maka da mota da rana a watan Afrilu, amma da asubar hunturu a Janairu, mai ya yi kauri, ƙarfe ya yi sanyi, a nan zai nuna halinsa. In ka sami zaɓi, ka ɗauki irin mai ƙananan giyoyi a ciki, wanda amicharsa ke gudu sosai giyoyin su rage gudun su ƙara ƙarfi. Ya fi tsohon yayi sauƙin nauyi, bai kuma cika shan batir ba.

Cire tsohon

Mota a firi, hambirek a ja, weji a gaba da bayan taya. Ka cire kan batir na at tukuna. In batir biyu ne, duka biyun. Babbar wayar kik kai tsaye take zuwa daga batir, babu fiyus a kanta, sifana ta taɓa ta ta taɓa shasi, za ka ga wutar walda a gaban fuskarka. Ka cire zobe da agogo. Ka bar salansa ta huce.

Ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka taɓa komai. Ƙaramar waya ta fara fita, sannan babba. Notinan motocin Japan galibi sifana 12, 14 da 17 ne, na Series kuwa yawancinsu na inci ne, kada ka murje musu kai da sifanar da ba tasu ba. Notin sama shi ne mai wahala, don haka shi za ka fara kwancewa yayin da na ƙasa ke riƙe da nauyin. Kik ɗin dizal na da yana da nauyi, kada ka kwanta daidai ƙarƙashinsa.

Kafin ka tashi, ka haska tocila cikin ramin. Ka sa yaro ya juya inji a hankali da sifana ta notin fuli, ka bi haƙoran filawil zagaye guda cur. Inji yakan tsaya a wurare ƙalilan da ya saba, biyu a mai silinda huɗu, uku a mai shida, don haka lalacewar takan taru a nan, sauran wurin kuma ya yi kyau. In haƙoran wurin sun guntule, babu kik ɗin da zai yi maka aiki, sabo ko tsoho. Ka gaya wa mai motar tun yanzu.

Awo

Ka ɗauki tsohon kik ka tafi da shi kasuwa, da rula ta ƙarfe, ko ma'aunin baniya in kana da shi. Ka ajiye su biyun a kan benci, hanci da hanci.

Ka fara da fuskar da ke mannewa da gidan kuloci: ramuka nawa, biyu ko uku, tazarar da ke tsakaninsu daga tsakiya zuwa tsakiya, kuma ramukan masu zare ne ko noti ke ratsawa. Sannan ka auna faɗin wuyan nan mai zagaye da ke shiga ramin gidan kuloci. Mutane suna raina shi, alhali shi ne ke tsayar da kik a gurbinsa. Noti ɗaurewa kawai yake yi. In wuyan ya yi ƙanƙanta, kik zai riƙa gocewa duk lokacin da aka buga shi, har ya fasa hancinsa. Abin da na fi ƙi a wannan aiki shi ne a ɗauko magagari a faɗaɗa ramin noti don kik ya shiga. Ya shiga ɗin, amma tazarar bendis da filawil ta tashi daga yadda aka ƙera ta. In wuyan ne ya gaza, gara a je wurin masu injin yankan ƙarfe a Panteka su yanko zobe daidai awo a cike gibin.

Sai bendis. Ka ƙirga haƙoransa, ka kuma auna faɗinsa daga bakin haƙori zuwa bakin na ɗaya gefen. Ƙirga kaɗai tana yaudara: bendis biyu suna iya zama masu haƙora 9 amma na ɗaya manya ne, na ɗayan ƙanana. Akwai kuma inda mai 9 da mai 10 ko 11 ke aiki a filawil ɗaya, saboda masu ƙerawa sun matsar da sandar bendis ɗin kaɗan don ya dace. Abin da ba ya canzawa shi ne girman haƙori. Ka haɗa bendis ɗin tsohon da na sabon su ciji juna, ka mirgina su da yatsa. In suna tafiya sumul, girmansu ɗaya. In suna cijewa, ko suna kwaram-kwaram, ka ajiye shi.

Ka murza kowane bendis da hannu. Zai sulɓe ta gefe ɗaya, ya cije ta ɗayan. Dole su biyun su sulɓe ta gefe guda. In sun saɓa, wannan kik ɗin baya yake juyawa, kuma ba a gyara wannan da juya waya.

Awo na ƙarshe shi ne zurfi, kuma shi ne ke cinye filawil. A jikin mota, ka zura rula daga fuskar da kik ke zama zuwa gefen haƙoran filawil, ka rubuta. A jikin sabon kik, ka auna daga fuskarsa zuwa bakin bendis yana kwance bai fito ba. Ya kamata a sami rata ta milimita 2 zuwa 4 tsakaninsu. In babu rata, bendis zai riƙa gogar filawil inji yana gudu. Sannan ka banƙaro bendis da sukudireba har ƙarshen tafiyarsa, ka sake aunawa. Ana so ya rufe aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin haƙoran filawil. In baki kawai yake kamawa, duk ƙarfin kik zai taru a ɗan wannan bakin, ya yi ta gutsurarsa. Kik ɗin da ya yi tsawo kaɗan ana iya ja da shi baya da siririn faranti da aka yanka daidai fuskarsa. Ban yarda da a cusa wosha a ƙarƙashin kowane noti ba, don kik zai zauna a karkace. Wanda ya gaza tsawo kuwa babu dabara, a nemi wani.

Ka duba kuma inda solonoid ya faɗo. Kik yana iya dacewa ta ko'ina amma solonoid ɗinsa ya tokari bulok, ko shasi, ko ya jingina da salansa. A motar ogzilari akwai furofela ta gaba da ke bi ta gefen inji, wadda ƙaramar mota ba ta da ita, kuma tana hawa tana sauka da akasil. Ka bar mata fili. In kik ɗin biyu kamfani ɗaya ne kuma girman jikinsu ɗaya, riwaya mai hannu yakan iya ɗauke hancin tsohon ya ɗaura a jikin sabon, shi ke nan an huta da rigimar ramuka da zurfi. Wannan ma dalili ne na kada ka bayar da tsohon kik ɗinka a ciko tun aiki bai ƙare ba.

Kafin ka biya

A gwada shi a gabanka. A danne shi a ƙasa da ƙafa ko a ɗaure a bais, at a jikinsa, wuta a babban noti, sannan a taɓa ƙaramin bakin solonoid. Bendis ya fito da ƙarfi, ya juya ba ƙara, ya koma nan take da an saki. Ka girgiza sandarsa, in tana rawa bushin ya ci. Ka sani cewa gudu a fili ba nauyi bai nuna zai juya dizal ba, don haka ku yi magana tun farko: "Oga, in bai hau ba zan dawo da shi yau, ka canza min ko ka ba ni kuɗina." Ya amsa a gaban mutane, ka sa alama a jikin kik ɗin.

Ɗaurawa da wayarin

Ka kankare fuskar gidan kuloci da ta kik har ƙarfe ya fito, don ta nan at ke bi. Ka shafa fenti ko maka a haƙoran bendis, za ka ga amfaninsa an jima. Kik ya zauna da hannu, fuska ta manne da fuska, kafin noti ya taɓa shi. In sai noti ya jawo shi, wani abu yana tokare. Ka ɗaura notinan bi da bi.

Babbar waya tana zuwa bakin da aka rubuta 30 ko B. Ƙaramar da ke zuwa daga makulli tana zuwa 50 ko S. Notin tagulla ne cikin murfi mai saurin fashewa, kada ka matse shi kamar na taya. In ka ƙara ƙarfin kik, ka duba kaurin wayar, don dizal yana jan ɗaruruwan amfiya a lokacin tayarwa. Wayar da ta yi kore a baki ko ta kumbura, a canza ta. Solonoid kansa yana jan wuta mai yawa a bugun farko, tsohon makulli kuma ya gaji, don haka ƙara rile tsakaninsu yana magance "ƙas-ƙas" ɗin da ake ɗora wa kik.

Land Rover Series ta fetur tana da nata sha'ani. Kik ɗinta na asali ba shi da solonoid a jiki, gudun amicha ne ke wurga bendis cikin filawil, solonoid ɗin kuma yana can gefe shi kaɗai. In za ka sa mata na zamani mai solonoid a kai, ka haɗa manyan wayoyin biyu na tsohon solonoid a noti ɗaya don wuta ta isa kik kai tsaye, ka ƙara wa ƙaramar wayar makulli tsawo ta kai bakin 50. Tsohon bendis ta wajen giyabos yake shigar filawil, sabon kuwa ta wajen inji, don haka awon zurfi a jikin mota za ka yi shi, kwatanta kik da kik ba zai gaya maka komai ba. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 1967 kuma at ɗinsu a kan batir na wuta yake. Tsohon kik mai naɗin waya bai damu da haka ba, amma mai maganaɗisu a ciki baya zai juya in ba a riga an mayar da motar tsarin yanzu ba.

Bugun farko

Ka mayar da batir, at a ƙarshe. Ka hana inji tashi tukuna: a dizal ka zare wayar da ke buɗe mai a famfo in irin mai waya ne, a fetur ka cire wayar kwal. Ka buga na daƙiƙa biyu ko uku, kana saurare. Sauti mai kyau dunƙulalle ne. Kuka mai tsini yana nuna haƙora sun matsu da yawa, "ƙarrr" kuma ba su kama sosai ba. Ko wanne ka ji, ka tsaya, kada ka ce zai saba. Ko da sautin ya yi daɗi, ka daure ka sake ciro kik ɗin ka dubi fentin: inda ya goge shi ne inda haƙora suka haɗu. Ana so gogewar ta bi tsawon haƙori, ta sauka tsakiyarsa.

In ya yi, ka mayar da komai ka tayar. Kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15, ka kuma ba shi kamar minti ɗaya ya huce kafin na gaba. Da inji ya kama, ka kasa kunne ko bendis ya koma. In kana jin wani kuka yana bin gudun inji, ka kashe nan take. Ka sake gwadawa bayan mota ta yi tafiya ta ɗauki zafi, don kik ɗin da ya kusanci salansa da sanyi yake aiki, da zafi ya ƙi. In akwai farantin kare zafi a tsohon, a mayar da shi, in babu a yanka.

Motar da ke ratsa rafi da damina kuma, ka duba cewa ramin tsiyayar ruwa na sabon kik ƙasa yake kallo, don wanda aka ciro daga wata mota yana iya zama a juye, ya riƙa tara ruwa a ciki. Ka rubuta lambar kik ɗin da sunan injin da aka ciro shi a takarda, ka sa cikin takardun mota, saboda ranar da za a nemi burushi ko bendis a Kachiya ko Saminaka, da wannan lambar za a nema, ba da sunan motar ba.